Saƙonnin Da Suka Maƙale A Gawon Tudu

Rana ta yi ja, ta rataya bayan rumbunan gidan Magaji. Bazara ce, zafi bai sauka ba ko da la'asar ta daɗe da wucewa. Matarsa Hasiya tana bakin murhu tana talge, awaki sun dawo kiwo suna kukan ruwa, ɗiyarsu Zakiyya, budurwa ce da ta fara tasawa, tana surfe a turmi. Shi kuwa Magaji yana tsugune bakin zaure da buta, yana jiran kiran magariba.

Sai dakan ya tsaya.

Ba wanda ya kula da farko, yarinya takan gaji. Amma shirun ya yi tsawo, har awakin ma suka bar kuka. Hasiya ta waiga, ta ga Zakiyya tsaye, ta ɗaga taɓarya da hannu biyu ba ta sauke ba, idanunta a kan katanga.

"Ke, barci kike a tsaye?"

Yarinya ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta namiji ce, babban mutum da ya wuni yana aiki, kuma a bayanta ana jin ƙarar motoci kamar daga bakin titi yake magana.

"Salamu alaikum, Magaji. Ina gajiya, ina iyali. Don Allah in ka samu sarari ka kira mini Suwaiba ta ji wannan."

Buta ta suɓuce daga hannun Magaji, ruwa ya bi ƙasa. Ya san muryar. Ta Abdurrahaman ce, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, mijin Suwaiba, wanda ke aikin gini a Aljeriya tun bara. Kafin ya miƙe, dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki, ya gangaro a hankali, ya sauka gaban ƙafarsa.

Magaji bai tambayi kowa dalili ba. Ya sani.

Ƙauyen nasu ƙarami ne, yamma da Gangara, kuma rezo, wato sabis na waya, ba ya sauka cikinsa. Wuri ɗaya ake samunsa, kan wani tudu arewa da gari, gindin wani tsohon gawo. Mazan garin rabi sun tafi ci-rani, wasu Agadas, wasu Legas, wasu sun ƙetare hamada. Magaji ne ke da babbar waya da farantin hasken rana na caji, don haka kowa daga waje lambarsa yake aiko wa saƙon murya. Ba wanda ya naɗa shi, abin ya faɗo masa ne kawai. Kowace yamma ya hau tudu, ya ɗaga waya sama, saƙonni su zubo. Ya sauko, Zakiyya ta bi gida-gida tana kira. Mace ta shigo zaure, ya danna mata, ya fita ya ba ta wuri. Ta ji, ta mayar da amsa. Washegari ya hau da amsoshin, ya sauko da sababbi.

Haka ake har ran da wata magana ta miji da mata ta fita gari, yara suka mai da ita waƙa a bakin rijiya. Ba Magaji ya fitar ba. Zauren ba ƙyaure, wayar kuma tana da ƙara. Amma Mumuni, wan mijin, ya tare shi ranar kasuwar Gangara gaban rumfar mahauta, ya ce dattijo da gemu ya koma laɓe, yana lasar abin da maza ke gaya wa matansu. Mutane suka yi dariya, har da waɗanda Magaji ke hawa tudu dominsu.

Magaji ya juya ya bar kasuwar. Da yamma ya hau tudu kamar kullum. Waya ta kama rezo, sunaye suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, saƙonni suna juyawa ba su gama sauka ba. Bai jira ba. Ya karyo ƙaya, ya zaro layin daga cikin wayar, ya cusa shi a wani rami da ke jikin gawon daidai ƙirjinsa, ko bisimilla bai yi ba. Ya sauko, ya jefa waya ƙasan akwati. Bai sanar da na waje ba, bai sanar da na gida ba. Duk wadda ta zo, ya ce waya ta lalace.

Mata suka yi ta zuwa, suka gaji suka bari. Mutum ɗaya ce ba ta bari ba, Inna Lubabatu, tsohuwa mai ɗa guda. Ɗan nata Zaharaddini ya hau mota daga Agadas zai shiga Libiya, kuma tun da ya hau ba a sake jin sa ba. Kullum in rana ta yi sanyi sai ta dogaro sanda ta zo ta zauna bakin zaure.

"Ɗana, an gyara?"

"Tukuna, Inna."

"To, Allah shi sa a gyara."

Ta ɗan zauna tana kallon hanyar tudu, ta tashi. Abinci ma ta rage ci. Zazzaɓi ya same ta a haka, bai sha wahalar kayar da ita ba. Magaji na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya yi niyyar hawa tudu a ranar, kunya ta riƙe masa ƙafa. Me zai ce wa mutane? Waya ta gyaru ne da aka rufe kabari?

Bayan kwanakin zaman makoki ne muryar Abdurrahaman ta fito daga bakin ɗiyarsa.

Daga wannan magaribar gidan bai sake zama gida ba. Da rana shiru, kaji na tono, Hasiya na aikinta. Amma da zarar inuwar rumbu ta kai bakin turmi, sai duwatsu su fara. Ba jifan fushi ba ne. Ɗaya ya faɗo, a daɗe, wani ya biyo, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ya san akwai mutane a ciki. Da safe in Hasiya ta yi shara sai ta tarar da ƴaƴan gawo cikin duwatsun, alhali babu gawo ko ɗaya a unguwar.

Sannan muryoyin. Wani ya tambaya ko matarsa ta sauka, mace ko namiji. Wani ya ce kada a sayar da jakin, yana nan tafe kafin shuka. Wani yaro ya ce a gaya wa babansa an sake shi, yana lafiya. Kowanne da sallama yake farawa, kowanne da sunan Magaji. Zakiyya tana zaune kan tabarma, kanta a sunkuye, bakinta na motsi, maza na fita daga cikinsa. In sun gama sai ta kife. Da safe ta farka ba ta san abin da ya faru ba, sai dai maƙogwaronta ya yi zafi. Muryarta ta kanta ta fara dushewa. Da farko raɗa take, daga baya sai ta nuna randa da hannu in tana son ruwa. Kunu kawai ke wuce mata, shi ma da ƙyar. Wuyan hannunta ya koma kamar kara.

Magaji ya ɗora ta kan moto, wato babur, ya kai ta likita a Gazawa. Aka leƙa maƙogwaro, aka ba da ƙwayoyi. Suka dawo, magariba ta yi, duwatsu suka faɗo.

Ya ce a mai da ita ɗakin ƙurya, a rufe, a toshe taga da tsumma.

Hasiya ta dube shi. "Baban Zakiyya, duk sunanka suke kira. Mi ka yi?"

"Ban yi komi ba."

"Wayar nan da gaske ta lalace?"

Ya tashi ya fita.

Tsumma bai tare komai ba. Wata magariba muryar Abdurrahaman ta sake dawowa, wannan karon da damuwa a cikinta, tana tambaya ko Suwaiba fushi take da ya ji shiru. Sai aka ji motsi bayan katanga. Suwaiba ce, matar Abdurrahaman ɗin, ta tako turmi ta leƙo, da goyo a bayanta.

"Hasiya," ta ce a hankali, "wa ke kirana a ɗakinku?"

Washegari da asuba, ba tare da ta nemi izinin mijinta ba, Hasiya ta aika ƙanenta Gazawa ya ɗauko Malam Habibullahi.

Malamin ya iso bayan la'asar a bayan moto. Gajeren mutum ne, siriri, hannuwansa duk kanta, don shi ma manomi ne. An san shi da ruƙiyya har ƙetaren iyaka. Ya sha ruwa, ya zauna a zaure da Magaji.

"Ka sare wani icce kwanan nan?"

"A'a, Allah gafarta Malam."

"An zubar da ruwan zafi a tsakar gida da almuru?"

"A'a."

"Ka gina bisa tsohuwar hanya, ko ka rushe suri?"

"A'a."

Duk gaskiya ya faɗa. Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a fito da yarinya tsakar gida, a shimfiɗa mata tabarma, uwarta ta riƙe ta.

Aka yi sallar magariba. Haske ya rage kaɗan a yamma, jemagu suka fara wucewa. Maƙwabta sun taru a zaure da bayan katanga, ba mai tari. Malam ya zauna nesa da yarinyar da kamu ɗaya, ya fara karatu, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Dutse ya faɗo kan kwano. Bai ɗaga kai ba. Wani ya faɗo. Muryoyin maza suka taso daga bakin Zakiyya, wannan na hawa kan wancan, sallama kan sallama, har ba a gane ta kowa. Malam ya ci gaba. Sai gaba ɗaya suka yanke.

Yarinya ta ɗaga kai. Muryar da ta zo yanzu ta tsohuwa ce, busasshiya, irin ta wadda ta daɗe ba ta yi barci ba.

"Ya isa, Malam. Na ji."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Gawon tudu."

"Musulma?"

"Na riga kakanka fuskantar alƙibla."

"To kin san abin da kike yi zalunci ne. Mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Ita ba ta yi ba. Tambayi ubanta abin da ya cusa mini a ɗaki."

Magaji yana tsaye jikin rumbu. Ya ji idanun mutane sun juyo kansa cikin duhun da ke sauka. Bai motsa ba.

"Ɗan abu ne kamar farce," in ji muryar. "Da, magana takan zo ta bi ta kan iccena ta gangara gari. Ba ruwana, iska ma na wucewa. Ran nan ya zo ya datse ta tana tsakiyar wucewa, ya tura mini bakin hanyar cikin ɗaki. Su kuwa na can ba wanda ya gaya musu. Suna ta aikowa. Ta zo ta iske ƙofa rufe, ta taru. Wannan na kiran matarsa, wancan na kiran ubansa. Ɗakina ya cika har baki. Jikokina ba su runtsa ba tun ranar."

"Shi ne kika sauke a kan yarinya?"

"Ita na saba gani tana bin gidaje da kira. Na ce ita ce mai kaiwa."

Hasiya ta fashe da kuka. "Don Allah, baiwar Allah, ga akuyata can, ga kaji, ki ɗauki abin da kike so."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah," in ji Malam.

"Mi zan yi da akuya?" muryar ta ce. "Barci nake so."

Malam ya gyara zama. "Faɗi abin da zai raba."

"A bar mini bakin nan har in gama juye abin da ke ɗakina."

"A'a. Ba ta da sauran ƙarfin da za ta kai ki ƙarshe, kin gani da idonki. Yanzu za ki fita."

Can nesa saniya ta yi kuka a rugar Fulani.

"To ya je ya ɗauke abinsa yau, kafin lisha. Ya buɗe. Kowace magana ya miƙa ta ga mai ita. In ya gaji da ɗaukar kayan mutane, ba wanda ya ɗaure shi, amma ba haka ake rufewa ba. A gaya wa na can za a rufe, su nemi wata ƙofa. A jira abin da ke kan hanya ya iso. In hanya ta zama wayam, sai a ja ƙyaure. Ko mai shago yakan sallami wanda ke ciki kafin ya sa kwaɗo."

Malam ya juya. "Magaji, ka ji?"

"Na ji."

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka."

"To fita," Malam ya ce wa muryar. "Kuma ba dawowa."

"Saura ɗaya." Kan yarinyar ya juya a hankali har ya tsaya daidai inda Magaji yake. "Akwai wadda ta fi sauran nauyi. Ita ce a bakin ƙofa lokacin da ya datse. Na kai ta gidan mai ita, na iske ɗaki a share, an naɗe tabarma. Ba zan koma da ita ba, ba zan bar ta a iska ba. In ba mai karɓa, a nan za ta zauna." Hannun Zakiyya ya tashi ya dafa maƙogwaronta.

Ba wanda ya tambayi gidan wa ake nufi. Malam bai yi karatu ba. Ya zuba wa ƙasa ido yana jira.

Magaji ya baro jikin rumbu. Ya zo ya durƙusa bakin tabarmar, gaban ɗiyarsa.

"Ni zan karɓa."

"Ka ji ta har ƙarshe," in ji muryar. "Ka amsa da bakinka."

"Na yarda."

Malam ya ɗora karatu. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa tun daga kafaɗa, rawar ta gangara, ta tsaya a ƙafar hagu, ƙaramin yatsa ya yi ta karkarwa shi kaɗai. Ta yi atishawa, ta koma jikin uwarta. Wata iska mai sanyi ta ratsa tsakar gida ta yi arewa. Zakiyya ta buɗe ido.

"Inna," ta ce, da muryarta, siririya, a shaƙe, "ƙishirwa nake ji."

Magaji ya shiga ɗaki ya tono waya daga akwati. Hanyar fita ɗaya ce, ta zaure, zauren kuma cike yake da mutane, har da Mumuni. Ya tsaya a tsakiyarsu.

"Wayar ba ta lalace ba," ya ce. "Ni na cire layin."

Ba wanda ya zage shi. Da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Suka dai matsa suka ba shi hanya.

Ya hau tudu da fitila. A gindin gawo ya yi sallama, ya yi bisimilla, ya zura yatsu cikin ramin. Layin na nan, a bakin rami, kamar an turo shi waje. Wayar ta mutu saboda daɗewa, sai da safe ta sha rana ta farfaɗo. Ya koma tudun, ya ɗaga ta. Ta yi ta kuka a hannunsa, saƙo na bin saƙo, har hannun ya gaji ya sauya.

Bai aiki kowa kira ba. Da ƙafarsa ya bi gidajen, ya yi sallama, ya miƙa waya, ya koma waje ya tsaya cikin rana. Suwaiba ta ji nata ta yi kuka ta yi dariya. Gidan mai jaki kuwa an riga an sayar da jakin. Ga kowane na waje Magaji ya aika magana ɗaya: ya ce laifinsa ne aka ji shiru, ya ce zai riƙe hanyar har ruwa ya sauka, kafin nan su shirya da Chindo mai shagon caji, wanda ya yarda ya karɓa.

Na Zaharaddini ya bari ƙarshe. Ya hau da shi tudu da yamma, shi kaɗai, ya zauna a kan saiwar gawo. Saƙon farko ya iso ne ranar kasuwar nan ta Gangara.

"Baba Magaji, salamu alaikum. Ka kira mini Inna. Inna, ni ne. Na iso, lafiyata lau. Mota ce ta mutu mana cikin rairayi, mun sha wuya, amma Allah ya fisshe mu. Na san halinki, kin bar cin abinci. Ki ci, don Allah. Ki ce wani abu in ji muryarki."

Akwai wasu a ƙasansa, gajeru. Baba Magaji, shiru. Baba Magaji, ko rezo ne? Na ƙarshe ba sallama ma a cikinsa. "Inna lafiya dai ko?"

Magaji ya ji su duka, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya daɗe zaune, wayar a kan gwiwarsa. Zai iya cewa zazzaɓi ne, ya tsaya nan, ba ƙarya ya yi ba. Ya danna, ya kai waya bakinsa.

"Zaharaddini, Magaji ne. Ka yi haƙuri, ka zama namiji. Inna ta rasu, mun rufe ta. Saƙonka ya iso tana da rai. Kullum tana zuwa ƙofata tambaya. Ni na rufe layin don fushin da ba naka ba, na ce mata waya ta lalace. Ba ta ji ka ba. Ta tafi ba ta san ka iso ba. Wannan a wuyana yake."

Ya saki. Saƙon ya tafi. Ba a jima ba alama ta nuna an buɗe shi a can.

Gari ya fara duhu, aka kira magariba a ƙasa. Magaji ya yi taimama ya yi sallarsa nan gindin iccen, ya sallame, ya ɗauki waya. Ta nuna Zaharaddini yana ɗaukar murya. Yaron ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Magaji ya miƙe ya ɗaga hannu sama inda rezo ya fi ƙarfi, ya riƙe ta a nan, yana jiran abin da yaron zai ce masa.